Iskar da Ke Ɗauke da Mu: Taya da Gejin Mai Faci a Hanyoyin Dutse

Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a mararrabar Shuwarin, inda hanyar Dutse ta haɗu da babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya san sautin. Ɗan injin ba da iska yana ta ƙugi a gindin darbejiya, ga tsofaffin tayoyi an jibga a bakin kwalta a matsayin allon sanarwa, ga bahon ruwa da ya yi baƙi ƙirin saboda tsoma tub. Direba zai tsaya, sau da yawa ko saukowa ba ya yi, ya leƙo ya ce a duba masa ta baya. Yaro ya jawo tiyo ya kafa a bawul, ya ɗan jira, ya cire, ya doki tayar da ƙarfe, ya kasa kunne, ya ce ta yi. Direba ya ce a ƙara kaɗan, akwai kaya. A ƙara. Cikin minti biyu an yanke hukunci a kan abin da zai ɗauki fasinjoji da buhunan hatsi a guje har Azare, kuma babu wanda ya ambaci lamba ko ɗaya.

Wannan ɗabi'a tana da tarihi, kuma wanda ya bi sawunta zai daina yi wa mai faci kallon jahili. Abin da yake yi gado ne. Matsalar ita ce abin da aka gada dominsa ya sauya kama har sau biyu ko uku, hanyar da ake bi da shi ma ta sauya, gadon kuwa yana nan inda yake.

Sai mu faro daga roba. Ɗanyen ƙaron roba ba ya jure yanayi: cikin zafi ya yi danƙo, cikin sanyi ya sandare. Ba'amurke Charles Goodyear ne ya gano cewa idan aka gauraya shi da farar wuta aka gasa, sai ya zama abu mai juriya, ya kuma yi rajistar dabarar a 1844. Facin wuta da tsofaffin masu faci ke yi, inda ake matse tub da ɗanyen faci a ƙarƙashin tsohon fistin a kunna wuta a cikinsa, jikan wannan dabara ne kai tsaye. Shekara guda bayan Goodyear, a 1845, wani saurayi ɗan Sikotilan mai suna Robert William Thomson ya yi rajistar taya mai iska domin keken doki. Ta yi tsada, ba ta karɓu ba, aka manta da ita. Sai a 1888 wani likitan dabbobi mazaunin Belfas, John Boyd Dunlop, ya sake ƙirƙiro ta domin keken ɗansa mai ƙafa uku, ba tare da sanin an riga shi ba. A 1891 'yan'uwan nan biyu na Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da wadda ake iya cirewa a gyara a mayar, sannan a 1895 suka ɗora ta a kan mota a tseren Faris zuwa Bordeaux da dawowa, inda suka sha faci har suka gode Allah. A tsakanin nan ne, a 1893, aka yi rajistar bawul ɗin Schrader a Amurka, ɗan tsinken nan da ake dannawa iska ta fita. Mota ta sauya ta kowace fuska tun daga lokacin, amma shi yana nan a jikin kowace taya da ke bin titin Kiyawa a yau, kusan yadda aka haife shi.

Ainihin abin da mutanen nan suka gano abu ɗaya ne: iska ce ke ɗaukar nauyi, roba jaka ce kawai da ke riƙe ta. Mota duk girmanta tana taɓa ƙasa ne a wuri huɗu, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yatsu ba. Birki da sitiyari da shan kwana duk a waɗannan tafuka huɗu suke ƙarewa, kuma yawan iskar da ke ciki ne ke tsara siffarsu.

A ƙasar Dutse, kamar sauran ƙasar Hausa, keke ne ya fara kai taya mai iska gidajen talakawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, reshen dogo na Nguru da aka kammala a 1930 ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Dutse kuwa ba ta kan layin. Gunduma ce a ƙarƙashin Kano, kayanta na fita bisa jakuna da raƙuma, daga baya bisa manyan motoci. Manomin da kakarsa ta yi kyau yakan sayi Rali, kuma tare da keken ake ba shi famfo. Nan ne hannun Bahaushe ya koyi awon iska: a buga famfo, a danna taya da babban yatsa, in ta ƙi lotsawa ta yi, a shafa yawu a bakin bawul a ga ko zai yi kumfa. Ga keke wannan awo ya wadatar. Tayarsa siririya ce, fatarta ba kauri, yatsa na iya jin bambanci, kuma kuskuren da aka yi ba ya wuce wahalar tuƙi.

Malami na biyu shi ne babbar mota mai bodin katako, su Bedford da Austin, daga baya Marsandi 911, waɗanda suka yi ta jigila a kan burji da gargada. Tayarsu na shan iska kusan ninki uku na ta ƙaramar mota, ana kuma yi musu lodi fiye da kima a matsayin al'ada. Yatsa ba shi da aiki a nan, don haka karen mota ya koma ga ƙarfe. A tayoyin baya da ke tafiya bibbiyu, ɗaya na iya sacewa 'yar'uwarta ta rufa mata asiri, ido ba zai gani ba. Duka da ƙarfe shi ke tona ta, domin mai iska tana amsawa da ƙara, maras iska kuwa sai ta yi dum. Dabara ce mai kyau, har yau direbobin tirela a ƙasashe da dama suna yin ta. Amma tambayar da take amsawa ita ce ko akwai iska ko babu. Ba ta iya bambance 28 da 45. Kuma darasin da wancan zamani ya bari a zukatan masu sana'a shi ne cewa taya mai tauri ita ce lafiyayya, domin a ƙarƙashin lodin gyaɗa ƙarancin iska ne ke kashe taya, yawanta ba kasafai ake ganin laifinsa ba.

Akwai wani darasi kuma da ƙasar kanta ta koyar, wanda ya saɓa wa wannan. Sunan jihar daga jigawa ya samo asali, wato tudun rairayi, kuma duk direban da ya yi aikin ƙauyukan arewacinta, wajejen Gumel da Maigatari da Babura, ya san cewa idan mota ta fara nutsewa a yashi sai a rage wa tayoyi iska, tafinsu ya faɗaɗa, su hau kan rairayin maimakon su haƙa shi. Wannan ilimi ne sahihi. Haɗarinsa yana wajen fitowa: a hau kwalta da tayar da aka sassauta domin yashi, a ce sai an kai gari a ƙara, a taka wuta.

Sauyin da ya yi wa ido wayo ya zo ne daga Faransa. Tsohuwar taya ana saƙa zarenta ne a gicciye, falle bisa falle, gefenta ya yi tauri ya tsaya kyam. Idan irin wannan taya ta yi ciki a ƙasa, lallai iskarta ta ragu. A 1946 kamfanin Michelin ya yi rajistar wani sabon gini, radiyal, wadda zarenta ke miƙewa daga baki zuwa baki, da ɗamarar waya a ƙarƙashin inda ke taka ƙasa. Ta fi daɗewa, ta fi riƙe hanya, ta fi sauƙin shan mai, shi ya sa ta cinye kasuwar duniya. Motocin Faransa na cikin na farko da suka rungume ta, kuma Fijo, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ita ce motar Arewa ta wancan zamani. Sai dai gefen radiyal mai laushi ne da gangan. Ko da iskarta ta cika daidai, za ka gan ta da ɗan tumbi a inda ta taɓa ƙasa. Idon da ya yi karatu a kan tsohuwar taya yana ganin tumbin nan sai ya ce ta kwanta, a ƙara. A ganina wannan na cikin manyan dalilan da suka sa ƙaramar motar da masu ƙera ta suka ce a ba ta 30 ko 32 take barin wurin mai faci da 45 ko 50. Abin da ya fi muni, radiyal na iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ba tare da siffarta ta sauya yadda ido zai lura ba. Ido ya tashi daga aiki ta fuska biyu, amma ba wanda ya ba shi takardar sallama.

Tubles, wadda kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya fito da ita a 1947, ta ƙara wani abu. Ƙusa ta shiga tub, nan take ka sani. Ta shiga tubles kuwa, sai ta toshe ramin da ta huda, iska ta riƙa zurarewa a hankali har kwanaki. Alheri ne, domin motar ba ta ƙwace wa direba farat ɗaya, amma yana nufin mutum na iya yin mako yana yawo da tayar da ke mutuwa a tsaye. (Raguwar tub ta taɓa wasu sana'o'in da ba ruwansu da mota: gugan rijiya, da robar ɗaure kaya a bayan babur, da danƙon harbin tsuntsu na yara, duk daga tsohon tub ake yanko su.)

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta wayi gari babban birni. Ma'aikatan da aka raba daga Kano da yawansu ba su tare ba, sai suka riƙa zirga-zirga, kuma har yau safiyar Litinin da yammacin Juma'a suna da nasu cunkoson. A 2006 aka ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, aikin da ya ci shekaru masu yawa. Gwamnatocin jihar, musamman daga zamanin Sule Lamido, 2007 zuwa 2015, sun shimfiɗa kwalta mai yawa tsakanin garuruwa. Jami'ar tarayya ta zo a 2011. Jigawa ta yi suna da kyawun hanya, kuma a nan ne lissafin iska ya tashi daga maganar asarar kuɗi ya koma maganar rai.

Dalili kuwa zafi ne. Duk juyin da taya ta yi, gefenta yana lanƙwasa ya miƙe. Idan iska ta yi kaɗan lanƙwasar na yin yawa, roba ta ɗauki zafi daga ciki, har haɗin da ke tsakanin ɗamarar waya da roba ya fara saki. A kan gargada, inda mota ba ta wuce gudun kilomita 30 ko 40, abin da zai faru shi ne tayar ta mutu da wuri. A kan sumul ɗin kwalta, a gudun 120, cikin watan Afrilu da zafin Dutse ke haura digiri 40 a inuwa, bawon tayar na iya ɓarewa gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Mutane da yawa sun ɗauka yawan iska ne ke fasa taya, kamar balan-balan. Yawan iska na da nasa laifin: tafin taya ya ƙanƙance, birki ya rage kamu, tsakiyarta ya cinye ya bar gefe, kuma idan ta faɗa rami ba ta da sassaucin shanye dukan, sai zare ya tsinke ta yi ƙulu. Amma fashewar da ke zuwa ana cikin gudu a miƙaƙƙiyar hanya ta fi alaƙa da ƙarancin iska da yawan lodi, waɗanda a wajen taya abu ɗaya ne.

Amurka ta koyi wannan da tsada. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, akasarinsu a kan motar Ford Explorer, bayan haɗurran da aka danganta da mutuwar sama da mutum 200. Abin ya fi tsanani a jihohi masu zafi, kuma tun a 1999 Ford ta fara sauya irin tayoyin a Saudiyya. Cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai har da lamba: Ford ta ce a sa 26, Firestone ta ce 30 ya kamata. Tazarar 4 kacal, wadda ba ƙarfen da zai ji ta. Majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a shekarar, kuma daga Satumba 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a can sai da na'urar da ke kunna fitila idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. Motocin nan su ne suke iso mana a matsayin 'yan Kwatano bayan shekara goma ko fiye. Fitilar ita ce 'yar rawayar nan mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. A yawancin motocinmu tana kunne dare da rana, ko don batirin na'urar da ke cikin tayar ya mutu, ko don ƙarfen ɓamɓare taya ya karya ta, har direba ya daina ganinta.

Ita kanta tayar ta zama baƙuwa. Najeriya ta taɓa yin tata: Michelin a Fatakwal, Dunlop a Ikeja, duka tun farkon shekarun 1960. Michelin ta rufe masana'antarta a 2007, Dunlop ta bi baya a 2008, ana kukan wutar lantarki da saukin harajin shigo da kaya. Da su aka rasa wani abu da ba a cika lissafawa ba, wato dillalan da kamfani ke horarwa yana kuma bibiyar kayan aikinsu. Gurbin ya cika da sababbin tayoyin Asiya masu daraja hawa-hawa, da kuma na gwanjo, waɗanda doka ta hana shigo da su amma ba kasuwar da babu su. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta tsananta gangami a kan taya bayan rasuwar Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa ranar 6 ga Maris 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja, haɗarin da fashewar taya ta haddasa. Daga nan direbobi suka koyi karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, har 2319 ta zama mako na 23 na 2019 a bakin kowa. Hukumar ta yi maganar iska ma, amma abin da ya zauna a kunnen jama'a shi ne ranar haihuwar taya, wataƙila domin ita jami'i ke dubawa a shingen hanya. Sabuwar taya fil da aka bari da rabin iskarta ba ta fi tsohuwa aminci ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu mutane ne masu tsananin kula da awo. A kasuwar Shuwarin ko ta Gujungu, mai sayen gero zai juya tiya ya duba gindinta ko an bubbuge shi, zai yi musu a kan tozo. Mutumin nan kuma zai miƙa motarsa ga gejin da ya faɗi ƙasa sau ɗari, gilashinsa ya tsage, allurarsa ba ta komawa sifili. Ban ga laifin mai faci a nan ba kamar yadda na ga namu. Ba wanda ya taɓa zuwa ya gwada masa gejinsa da wani sahihi, kuma idan ya sa daidai, mai mota ne zai fara cewa bai cika ba.

Lambar gaskiya tana jikin motar. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin, ko murfin tankin mai a motocin Jamus irin su Golf da Sharon da suka cika tashoshinmu. Akwai 'yar takarda manne da ke faɗin iskar gaba da ta baya, sau da yawa kashi biyu, na mota ba kaya da na cikakken lodi. Direban da ke cewa a ƙara saboda kaya yana da gaskiya, masu ƙera motar ma sun yarda da shi, sai dai sun faɗi nawa. Lambar da ke jikin tayar kanta, 44 ko 51, iyaka ce da aka ce kada a wuce, kuma da yawa ita suke ɗauka a matsayin umarni. Takardun Turai kan rubuta da ma'aunin bar, gejinmu kuwa yawanci psi ne. Bar ɗaya psi 14.5 ne, don haka 2.2 shi ne 32. Ana awon ne da sanyin taya, kafin a yi tafiya ko bayan ta huta kamar awa uku, domin iska na kumbura da zafi, wajen psi ɗaya a kowane digiri 5 zuwa 6. Tayar da aka daidaita a 32 da asubahin hunturu za ta nuna 36 ko fiye da tsakar ranar bazara ko ba ta motsa ba, ta kuma ƙara idan ta yi gudu. Wannan ƙarin an riga an yi lissafinsa. Direban da ya tsaya a Wudil ya ga allura ta hau, ya sace iskar domin gudun fashewa, ya jawo abin da yake gudu ne da hannunsa. Lafiyayyar taya ma tana rasa psi ɗaya ko biyu a wata, safaya kuma da ke kwance a but ba wanda ke tuna ta sai daren da ake bukatarta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda maganar rai ba ta motsa shi ba ma yana da dalilin aljihu, domin taya mai ƙarancin iska jan ƙafa take yi, injin yana biya da fetur.

Kwanakin baya na sayi ɗan geji irin mai kama da alƙalami na ajiye a mota. Da na tsaya wurin wani dattijon mai faci a hanyar fita Dutse, na ce masa, “Baba, talatin da biyu za a sa, gaba da baya.” Ya dubi tayar, ya dube ni, ya ce, “Alhaji, ai za ta kwanta.” Na buɗe ƙofa na nuna masa takardar. Ya sunkuya ya daɗe yana kallonta, ya ce shekara talatin yana wannan aiki ba wanda ya taɓa nuna masa ita. Muka gwada gejinsa da nawa a taya ɗaya, suka saɓa da 6, kuma a cikinmu babu mai hujjar cewa nasa ne daidai. Ya sa 32 a bisa nawa, ya mayar da murfin bawul, sannan ya ɗauki ƙarfensa ya doki tayar ya saurara.